Wanda ya tsamo ka daga ruwa, me yake bin ka?

Ƴan uwa ɗalibai, tambayar da nake so mu tauna wannan karo ƙafa biyu gare ta. Idan mutum ya yi maka alheri da zuciya biyu, alherin yana nan ko ya ɓaci? In kuma yana nan, me mai alherin yake bin ka? Zan ɗauko misalina daga teku, ko da yake yawancinmu ko babban kogi sai mun je Yamai ko Gaya muke gani. Maganar jiragen yaƙi ce, waɗanda aka jibge a gaɓar Afirka ta Yamma don su tare fataucin bayi, a zamanin da iska ke tura jirgi kafin inji ya karɓe aikin.

Duk fadar da aka tada wannan zance, kafin shayi na biyu ya nuna an rabu gida biyu. Wasu su ce Turawan Ingila sun yi abin kirki, sun kashe dukiya da rayuka don su ceci baƙar fata. Wasu, kuma su suka fi yawa a cikinmu, su ce ƙarya ne, ba don Allah suka yi ba, ribarsu suka hango. Da an furta kalmar riba sai a ɗauka an gama shari'a, a koma hirar ƙwallo. Ni kuwa a nan nake ganin shari'ar ta fara.

Bari mu fara sanin aikin kansa. A 1807 majalisar Ingila ta haramta wa ƴan ƙasarta fataucin bayi, bayan jiragenta sun kwashe mutum fiye da miliyan 3 daga Afirka. Shekarar da ta biyo aka turo jirage biyu tak su yi sintiri a gaɓar da ta kai dubban kilomita, cike da bakunan koguna da lunguna inda ƙaramin jirgi zai laɓe a wuce shi ba a gani ba. Sannu a hankali aka ƙara, har suka kai wajen talatin a shekarun 1840. Amma yawan jirage bai isa ba, don teku tana da dokarta. Jirgin da ke tsakiyar teku tamkar wani yanki ne na ƙasar da tutarta ke kansa, ba ka da ikon hawa ka bincika sai in kuna yaƙi ko kuna da yarjejeniya. A 1816 suka kama wani jirgin Faransa mai suna Le Louis, a 1817 alƙalinsu na Landan, William Scott, ya ce kamun ya saɓa doka, a mayar da jirgi. Ka ji fa, kotun Ingila ce da kanta ta ɗaure hannun sojojin ruwan Ingila.

Sai aka shiga bin ƙasashe ɗaya-ɗaya, wata da lallashi, wata da kuɗi, wata da barazana. Sifaniya ta karɓi fam 400,000 a 1817 kafin ta sa hannu. Fotugal ta yarda a binciki jiragenta, amma a arewacin layin da ya raba duniya biyu kaɗai. Kudu da layin, inda Angola take, kasuwa ta ci gaba da ci a fili. Faransa ta yarda a 1831, ta janye a 1845 ta ce za ta tura nata jiragen. Amurka ta ƙi sam, sai 1862. To ɗan fataucin da ke da wayo me zai yi? Sai ya ajiye tutoci iri-iri da takardu iri-iri a akwati, in ya hango jirgin sintiri ya ɗaga tutar da ba a taɓawa. In kuma an kama shi, a ja jirgin zuwa Firitawun ta ƙasar Saliyo, inda tun 1819 aka kafa kotunan haɗin gwiwa: alƙali ɗaya na Ingila, ɗaya na ƙasar mai tuta, in sun saɓa a jefa ƙuri'a don fidda wanda zai raba gardama. Jirgi kotun take hukuntawa, matuƙansa galibi sallamarsu ake yi. An daɗe ma ana gwanjon jiragen da aka ƙwace, masu fataucin su aiko wakili ya saye, jirgi ya koma bakin aikinsa.

Yanzu maganar niyya. Masu cewa akwai riba a ciki ba su yi ƙarya ba, har zan ƙara musu hujja. Dokar farko ta yanka wa sojojin ruwa lada a kan kowane mutum da suka sauke da rai: fam 40 namiji, 30 mace, 10 yaro. Daga baya aka rage, a 1824 ya koma fam 10 kowane kai, a 1830 fam 5. Duba da kyau, wanda ya zo ceto shi ma da kai yake lissafi, har da bambancin farashin namiji da mace, kamar dillali a kasuwa. A majalisarsu ma an zargi wasu hafsoshi da cewa sun fi son su bari jirgi ya yi lodi tukuna, don jirgin da ba kowa ciki ba ya kawo kuɗin kai. Da Ingila ta tashi soke bauta a yankunan mulkinta a 1833, fam miliyan 20 ta biya diyya, kuma iyayengiji ta biya, bayin ko sisi ba su gani ba. A 1846 majalisar nan da ke biyan kuɗin sintiri ita ce ta sassauta harajin sukarin Kuba da Birazil, wanda bayi ke noma rakensa. Ana tsaron hanyar bayi da igwa, ana kuma sayen sukarinsu da rahusa.

Duk na yarda. Amma sauko da ni ƙasan jirgi, inda aka jera mutane kwance gefe da gefe, rufin bai isa mutum ya zauna ya miƙe wuya ba. Akwai wani Babarbare, Ali Eisami, ɗan malami daga Borno. An sace shi, aka bi da shi ta ƙasar Hausa hannu zuwa hannu, ya yi shekaru a ƙasar Yarbawa, daga ƙarshe aka sayar da shi a bakin teku. Jirgin sintiri ya tare nasu, a 1818 ya sauka Saliyo. Ya rayu har ya tsufa a can, kuma daga bakinsa Sigismund Koelle ya rubuta nahawun Barbarci da aka buga a 1854. Ranar da aka buɗe murfin jirgin nan haske ya shigo, a ce wani ya raɗa wa Ali cewa kyaftin ɗin da ya tare su fam 40 yake hange, kana jin zai ce a mayar masa da marinsa? Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Mun taso ana koya mana cewa aiki yana tafiya da niyya, kuma ban musa ba. Sai dai niyya tana auna ladan mai yi ne, tsakaninsa da Mahaliccinsa da kuma zuciyarsa. Abin da ya isa hannun mai karɓa wani ma'auni ne daban. Ɗan siyasa ya gina foraj a ƙauyenku ana saura wata biyu zaɓe, kowa ya san dalili, amma ruwan yana kashe ƙishirwa daidai da wanda waliyyi ya gina. Matar da ta huta da tafiyar kilomita biyar da tulu a ka ba ta yi kuskure ba in ta ji daɗi. Mu da muke zaune a inuwa da ƙoshi, mu ne muke da sararin binciken zukata. Ina jin tsoron wannan hali namu na cewa da zarar mun gano inda mutum yake cin riba, to mun gama da shi. Yana sa mu ji mun waye, alhali sau da yawa hanyar gudun tunani ce.

Kuma kalmar "Turawan Ingila" tana haɗiye mutane da yawa da niyyarsu ba ɗaya ba. Akwai minista a Landan mai lissafin ƙarfin ƙasarsa a teku. Akwai matan da suka daina shan sukari don ƙyamar bauta, suna yawo gida-gida da takardun koke. Akwai ƙaramin matuƙi, ɗan talakawa, wanda aka turo gaɓar da masassara da shawara ke kashe mutane kamar kiyashi; a 1829 kaɗai sun rasa fiye da mutum 200 cikin kusan 800. Akwai kuma Kuru, mutanen gaɓar Laberiya ta yau, baƙaƙe kamarmu, waɗanda su ne ke tuƙa ƙananan kwale-kwale cikin lungunan koguna inda babban jirgi ba ya shiga. Wane ne a cikinsu za mu buɗe ƙirjinsa mu ce ga niyyar aikin? Hatta jirgin da ya fi kowane suna a sintirin, Black Joke, asalinsa na fataucin bayi ne mai suna Henriqueta, an kama shi a 1827 aka juya shi. A 1829 ya bi wani jirgin Sifaniya, El Almirante, wanda ya fi shi igwa nesa ba kusa ba, sama da kwana guda ana tsere, ya ci shi da yaƙi, aka kuɓutar da mutum 466. Katakon da ya sha kai mutane Birazil, shi ne ya dawo yana tare hanya.

Zuwa nan maganar ba ta yi mini wuya ba. Inda take yi mini nauyi shi ne abin da ya faru a kogin Boni, kudancin Najeriya ta yau, a watan Satumba na 1831. Yarjejeniyoyin farko sun ce ba a kama jirgi sai an iske bayi a cikinsa. An rubuta haka ne don kada a riƙa tare jiragen manja da na sauran haja ba gaira ba dalili, kuma a takarda magana ce mai ma'ana. Amma ka sa kanka a matsayin kyaftin marar imani wanda ya hango jirgin sintiri a bayansa: shaidar da za ta ci shi tana ƙasan jirginsa, tana numfashi. Black Joke da wani jirgi, Fair Rosamond, suka biyo jiragen Sifaniya biyu, Regulo da Rapido. Waɗannan suka juya suka shige kogi. Da suka ga za a cim musu, sai aka shiga sauke wasu mutane a kwale-kwale, ana tura wasu cikin ruwa, ɗaure bibbiyu da mari a ƙafa. Masu bin su suna gani da idonsu, iska ba ta kai su da wuri ba. Fiye da mutum 100 suka halaka. An iske Regulo da saura wajen 200, Rapido kuwa wayam. Ƴan kaɗan da aka tsamo da rai ne suka shaida a kotu cewa daga cikinsa aka jefo su, sannan aka ƙwace shi.

To, jinin nan a wuyan wa yake? Da ba a bi Rapido ba, da yawancin mutanen nan sun isa Kuba da rai. Bayi, ƙwarai, cikin gonar rake inda ba a daɗewa, amma da rai, wataƙila har da jikoki a yau. Kada mu yi saurin tsallake wannan don ya yi mana ɗaci.

Ga yadda nake gani. Hannun da ya tura mutum cikin ruwa shi ne mai kisa, kuma ba a rage masa komai don wai an matsa masa. In ɓarawo ya yanka tunkiyar da ya sata don ya ji sawun masu ita, ba wanda zai ce masu bin sawu ne suka yanka. In muka yarda cewa mugu yana iya ɗora laifinsa a kan mai hana shi, to mun ba kowane azzalumi makami: sai ya riƙe wuƙa a wuyan wani ya ce kowa ya matso shi ya jawo. Bayan mai turawa sai gwamnatocin da suka san abin da ke faruwa suka yi ta jan ƙafa. Maganin a bayyane yake, a ba da ikon kama jirgi ko ba kowa ciki, muddin an ga kayan aikin: maruruwa, katakan shimfiɗa bene na biyu, gangunan ruwa da shinkafar da suka fi ƙarfin matuƙa, manyan tukwanen dafa wa ɗaruruwa. Holan ta yarda tun farkon shekarun 1820. Sifaniya sai 1835, Fotugal sai 1842. Duk wanda aka jefa teku a tsakanin shekarun nan, masu riƙe da alƙalami a Madrid da Lisbon suna da kaso.

Amma shi mai bi ɗin, ban wanke shi fes ba. Laifin kisa ba ya kansa, sai dai ba shi da damar cire gawarwakin daga lissafinsa, ya ƙirga waɗanda ya sauke a Firitawun kaɗai ya ce ga aikina. Haka waɗanda suka mutu a hannunsa bayan an kama jirgi, don daga gaɓar Benin ko Boni zuwa Saliyo tafiyar makonni ce ana fama da iska da igiyar ruwa, mutane na nan cunkushe a inda aka same su, atuni na ɗauke su kullum, saboda kawai a can kotu take. Wanda ya sa kansa aikin ceto ya ɗauki nauyin duba abin da ceton nasa ke haifarwa, ya gyara da gaggawa. Kyakkyawar manufa ba ta sauke masa wannan nauyi.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Kowa ya tuna dokar 2015 da ta hana safarar baƙin haure, wadda aka soke a ƙarshen 2023. Da aka fara aiki da ita, direbobin Agadas suka bar hanyar da ke da rijiyoyi suka shiga wadda ba sintiri, wasu in sun hango ƙurar jami'ai su sauke mutane a tsakiyar Tenere su tsere. Ban ce matafiyi bawa ne ba, shi da ƙafarsa ya hau mota, kuma bambancin babba ne. Abin da ya yi kama shi ne yadda mutum yake komawa shaidar da ake son a rabu da ita.

A Ingila ma an yi wannan gardama, kuma da zafi. Wani ɗan majalisa, William Hutt, ya ce sintirin nan ƙara azaba yake: saboda gudun kamu masu fatauci sun koma ƙananan jirage masu sauri, suna cusa mutane fiye da da, farashi ya hau, cinikin bai tsaya ba. Lissafi yana bayansa, don daga 1808 zuwa 1860 jirage kamar 1,600 aka kama, aka kuɓutar da mutum wajen 150,000, alhali waɗanda aka ƙetare da su bayan 1807 sun kai miliyan 3. A watan Maris na 1850 ya nemi a janye jiragen, aka kada shi da ƙuri'a 232 a kan 154. Abin mamaki, cikin watannin da suka biyo jiragen Ingila suka shiga har cikin tashoshin Birazil suna kama jirage suna ƙonawa, wanda ko shakka babu keta hurumin ƙasa ne. A watan Satumba Birazil ta yi dokar da ta aiwatar da gaske. Ƙasar da ke shigo da fiye da mutum 50,000 a shekara, a 1851 ƴan dubbai suka shiga, bayan nan abin ya mutu. Da an bi Hutt, mai hujja da alƙaluma da tausayi, da an janye ana saura ƙiris.

Ba igwa kaɗai ta yi aikin ba, kuma a nan namu suke shigowa. Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 sun tura Hausawa da yawa zuwa gaɓa, aka kai su Bahiya ta Birazil. A 1807 aka bankaɗo shirinsu na tawaye, a 1809 da 1814 suka tashi da makami, a 1835 kuma aka yi babban tawayen Musulmi wanda Yarbawa suka jagoranta da Hausawa a ciki. Tsoron da wannan ya dasa a zukatan masu gonaki yana cikin abin da ya sa Birazil ta ga gara a rufe ƙofa. Waɗannan ba su jira jirgin kowa ba.

Saura ƙafa ta biyu ta tambayar, kuma ita ce ta fi damuna. An tsamo ka, sai me? Kusan mutum 100,000 aka sauke a Firitawun. Ana shigar da su wani fili mai katanga, magatakarda ya rubuta suna yadda kunnensa ya ji, da shekaru, da tsawo, da irin tsagar fuska. Daga nan ba a cewa ga guzuri, ga hanyar garinku. Doka ta ba gwamna ikon ya ba da mutum koyon aiki a gidan wani har shekara 14 ba albashi, ko ya sa shi soja ba tare da an tambaye shi ba. Daga shekarun 1840 aka shiga kwasar su da sunan ƙwadago zuwa Jamaika da Tirinidad da Giyana, wato gonakin raken da aka ce an cece su daga irinsu. A tsibirin Sent Helena an sauke wajen 25,000, kusan 8,000 a can aka binne su. A 2008 masu aikin hanyar filin jirgin sama suka tono ƙasusuwan mutum 325, da yawa yara. Faransa kuwa, wadda ta zaunar da mutanen jirgin Elizia a gaɓar Gabon a 1849 ta sa wa wurin suna Libreville, wato garin ƴanci, ita ce daga 1857 zuwa 1862 ta bari ana sayen bayi a bakin kogin Kwango, a ce an fanshe su, a ɗora su jirgi zuwa Martinik da Gwadalup da kwangilar shekara goma.

Ba na cewa rayuwarsu duka baƙin ciki ce. Wasu sun yi karatu, sun yi arziki, sun koma ƙasashensu. Samuel Ajayi Crowther, wanda aka tsamo daga jirgin Fotugal a 1822 yana yaro, ya zama bishop a 1864. Daga bakin Hausawan Saliyo ne James Schön ya fara koyon harshen nan da nake rubutu da shi, har ya buga littafin kalmominsa a 1843. Amma ka lura da tunanin da ke ƙarƙashin tsarin: tunda ni na fitar da kai, ni zan faɗi inda za ka kwana, da aikin da za ka yi, da sunan da za ka amsa. Ali Eisami kansa William Harding ya koma.

Abin da aka yi wa mutum ɗaya shi aka yi wa ƙasa. A ƙarshen 1851 jiragen sintirin nan suka yi wa Ikko ruwan wuta, suka kori sarki Kosoko saboda yana cinikin bayi, suka ɗora Akitoye. Bayan shekara goma, a 1861, suka haɗiye garin ɗungum. In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. A 1863 John Glover ya tara Hausawa a Ikko, yawancinsu bayin da suka gudo, ya ba su bindiga, kuma irin wannan runduna ce ta yi ta girma har aka ci ƙasashe da ita. A 1890 ƙasashen Turai suka taru a Burusel suka sa hannu cewa hanyar kashe fataucin bayi ita ce su kafa mulki da barikoki a cikin Afirka. Shekara tara bayan haka ayarin Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasarmu, ya yi wa Birnin Ƙonni abin da har yau tsofaffi ke faɗi, yana raba wa sojojinsa matan da ya kama.

A nan ne nake raba hanya da masu yabo, kamar yadda na raba da masu cewa riba ce kawai. Laifin bai fara daga kuɗin kai ba. Kyaftin ya karɓi fam ɗinsa daga baitulmalin ƙasarsa, wannan tsakaninsu ne, Ali bai yi asarar komai ba. Laifin ya fara ranar da aka juyo aka miƙa wa wanda aka ceta takardar bashi. Ƴancin da aka mayar masa nasa ne tun asali, kayan sata ne aka ƙwato. Wanda ya ƙwato maka akuyarka daga hannun ɓarawo ya cancanci godiya, har da tukuici in kana da hali, amma in ya ce daga yau nonon nasa ne, ai ɓarawo na biyu ka samu, mai ladabi. Haka mai foraj: ku sha ruwa, ku gode, ƙuri'a kuwa ba ta cikin ciniki.

Sai dai laifi tudu ne. Jiragen nan duk a teku suke, ba wanda ya yi sintiri a Sahara, kuma ayarin bayi ya ci gaba da bin hanyar Tarabulus daga Borno da Kano da Damagaram shekaru da yawa bayan an rufe ta Bahiya. Dorugu, wanda Schön ya rubuta labaran Magana Hausa daga bakinsa, ɗan Dambanas ne kusa da Kance. An kama shi yana yaro, aka bi da shi ta Zinder zuwa Kukawa, kuma ba Bature ne ya kama shi ba. Kalmomin da muka gada, murgu da fansa da bacucane, ba daga jirgi aka sauke mana su ba. Tunanin nan na cewa wanda ya ƴanta ka yana da sauran igiya a wuyanka, mun san shi a gida tun kafin a kafa Firitawun: ƴantacce ya ci gaba da gaisuwa a durƙushe, ɗansa ya nemi aure a tuna masa asali.

A 2003 Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka. Hadijatu Mani, daga yankin Ƙonni, an sayar da ita a 1996 tana da shekara 12, a kan sefa 240,000. A 2005 ubangidanta ya ba ta takardar ƴanci da hannunsa. Da ta tashi tafiya sai ya ce ina, ai matarsa ce. Ta tafi ta auri wanda take so, aka yanke mata wata shida a gidan kaso da laifin aure kan aure. Sai da ta kai ƙara kotun CEDEAO, wadda ta zauna a Yamai, ranar 27 ga Oktoba 2008 ta ce ƙasa ta kasa kare ta daga bauta, a biya ta sefa miliyan 10. Lokacin tana da shekara 24.